Maganar Baba da Na Rage

Keita, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Raihana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ke da Imrana. Ina gajiyar lakkwal, makarantar taku? Tarin yaron ya sauka? Ni jiki ƙalau, hankali ne ba kwance ba. Na ba Jima direba takardar ga don abin da ke ciki ba na iya gaya miki shi ta waya.

Kin san aikin tafinta nake yi wa Dokta Najiba, 'yar Kenyar nan mai binciken ƙasa da porje, shirin farfaɗo da gonaki, ya kawo. Ba ta jin Hausa, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, sai Ingilishi. Ranar Talata munka tahi garinku ɗibar ƙasar gonaki. Da hantsi ta hau tudun nan na bayan rijiya, mai tsohon gawo da duwatsu jere, ta kafa ƙarfenta na haƙar ƙasa ta murɗa, ta cika leda biyu. Ina tsaye. Na tuna sarai kin taɓa ce mini nan kakanninku ke kwance tun kahin gidanku su fara salla, kuma ko akuya ba a ɗaurewa wurin. Na yi shiru.

Sai ga Baba, mahaifinki, ya taso daga gona da hauya a hannu. Bai ɗaga murya ba, kin dai san shi. Ya ce, "Harisu, gaya wa baƙuwarka an ci mutuncinmu, mu da na kwance."

Raihana, kalmomin hushi a Ingilishi hawa-hawa ne. Akwai annoyed, wadda ba ta wuce haushin ƙuda in ya dame ka ba. Akwai angry, hushi sosai. Akwai offended, ta wanda anka taɓa wa daraja. Duk na san su, da su na ci jarrabawa. Amma ta ƙasan na ɗauka. Na ce mata tsoho na annoyed don mun shigo ba sallama. Ta yi murmushi, ta ɗaga masa hannu, ta ce a ba shi haƙuri, ta ci gaba da ɗaure ledarta. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya juya.

Washegari ta koma tudun, ta ƙara rami uku. Ni na riƙe mata ledojin.

Don Allah kar ki kira gida tukuna. Ki shafa mini kan Imrana.

Mijinki,
Harisu

Keita, 11 ga Nuwamba

Raihana,

Ina gaishe ki, ina gaida Imrana da su Rahama maƙwabtanmu. Na gode Allah da tarin ya yi sauƙi. Takardarki ta iso, layi huɗu, kuma uku daga ciki tambaya ɗaya ce: me ya sa?

Da fari na gaya wa kaina tsoron aiki ne, kar a ce tafinta ya tada rigima tun satin farko. Akwai wannan. Amma ba shi ne babba ba. Kunya na ji. Ban so mace mai ilimi irin nata ta koma ƙasarsu tana cewa surukan tafintanta suna tsoron duwatsu. Na rubuta shi, na karanta, kuma ban ji daɗin mutumin da ya rubuta ba.

Abin ya girma. Matan garinku sun daina zuwa wurin renon itatuwa, dashe dubu biyu na nan cikin leda ba mai ba su ruwa, kuma ganye ya fara yin rawaya. Mutanen da sunka yi shekara arba'in suna jera duwatsu kan tsaunukan ga har ƙasa ta dawo, yau in motar porje ta shigo sai kowa ya shige gida. Dokta ta rasa gane dalili. Kullum sai ta tambaye ni ko wani abu ya faru, ni kuma in ce girbi ne.

Jiya na je gaida Baba. Ya amsa da "lahiya" guda, ya ci gaba da gyaran igiyar guga. Gwaggo Mubaraka ce ta ja ni bayan rumbu. Ta ce duk gari ya san na isar da saƙon Baba yadda ya ba ni, matar ce ta yi dariya ta koma ta ƙara. Har tausayina take ji, wai an haɗa ni aiki da marar kunya. Ta cusa mini gyaɗa a aljihu.

Kin gani? In na yi shiru, na tsira. Dokta za ta tahi ƙarshen wata da baƙin suna da ba ta san tana ɗauke da shi ba, itatuwan su bushe, ni in zauna surukin kirki. In na yi magana, ban san wanda zan fara rasawa ba, aikin ko Baba. Na buɗe ƙamus ina neman kalmar da ta yi daidai da abin da Baba ya ce, na sami outraged, na sami insulted, ba wadda ta ɗauko na kwance a ciki.

Ki yi mini addu'a.

Naki,
Harisu

Keita, 15 ga Nuwamba

Uwar Imrana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun tashi lahiya.

Na gaya wa Dokta gaskiya ranar Alhamis da sahe, a biro, ofishinmu, kahin ta gama shayinta. Ta aje kofin. Sannan ta ce a garinsu ma akwai inda kakarta ke kwance, kuma da wani ya kafa ƙarfe wurin, da ba ta san abin da za ta yi masa ba. Ta ce ita furious ce, wato hushin da ya kai maƙura, kuma da ni take. Ta ce za mu koma, amma ba za ta sake dogara da bakina ni kaɗai ba. Anka nemo Alhaji Ayuba mai albasa, wanda ya yi shekaru a Kumasi yana jin Ingilishi, ya zauna gefena yana saurare.

A ƙofar gidanku anka taru. Ta cire takalmi tun daga bakin hanya, ta aje ledoji biyar gaban Baba, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ta ba da haƙuri, na juya musu da Hausa. Sannan ta ce in gaya musu abin da na yi. Da bakina, gaban Gwaggo, gaban ƙannenki, na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Ingilishi, Alhaji Ayuba na gyaɗa kai.

Baba ya ɗauki ledojin da kansa ya hau tudu. Munka bi shi daga nesa. Ya zuba kowace ƙasa a raminta, ya daddanna da tahin hannu. Da ya sauko ya ce matan su koma ban ruwa gobe. Ya ce baƙuwa ba ta da laihi, wanda bai sani ba bai sani ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai kuma ba ƙarya ce ta dame ni ba. Kunyarmu ka ji."

Dokta ta tambayi me ya ce. Alhaji Ayuba ya buɗe baki, na riga shi. Na juya mata shi duka, ban rage komai ba.

Aikin dai zan ƙarasa watan, bayan nan ba ta ce ba, ban tambaya ba. Baba bai kore ni ba, bai kuma ce in zauna cin tuwo ba. Da zan tahi ya ce a gaya miki yana son ganin jikansa ranar Juma'a. Jima zai biyo ta Madawa ya ɗauke ku. Zan tsaya bakin tasha. In kin sauko, duk abin da ke ranki ki faɗa mini shi yadda yake.

Mijinki mai jiran ki,
Harisu