Haƙoran Tunkiyar Inna

Kurfi, daren Laraba, daminar 1983

Tunkiyar da marigayiya Inna ta bar mini ta sake ɓari, karo na uku. Ni kuwa sai canza mata rago nake ta yi, ina ɗora musu laifi.

Malam Bitrus, malamin dabbobi na Dutsin-Ma, ya zo da la'asar. Bai ko tambayi ragon ba, bakinta ya buɗe ya duba haƙora. Ya ce, "Malama, duk sun cinye. Tsohuwar tunkiya ko ta ɗauki ciki, da wuya ya zauna. Ki sayar, ki nemo ƙarama."

Maigida yana tsaye wurin, sai ya sunkuyar da kai. Bara war haka na yi nawa ɓarin, ina da shekara arba'in.

Na ƙara mata dusa. Ba inda za ta.