Kwalaben Ƙarƙashin Gadon Gwaggo Asama'u

Safana, ranar Asabar

Zuwa ga Maman Sadiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya nauyin jiki, ya kumburin ƙafar? Ki gaida Inna da kyau, ki yi mata ban gajiyar ɗawainiya da ke. Sadiq kuwa ki ja masa kunne sau ɗaya a madadina, na san ba zai rasa laifin da ya cancanci haka ba.

Takardarki ta iso ta hannun Mamman direba. Tun da aka yanke sabis muka koma zamanin iyayenmu, kuma ni ban ƙi ba: a waya kina katse ni, a takarda sai na gama.

Na karanta abin da likitan awo na Batsari ya ce, cewa jininki ya yi ƙasa, kuma kada ranar haihuwa ta zo ba mu da mai bayarwa a hannu. Ban zauna ba. Nawa dai kin san labarinsa, bai dace da naki ba, ga hawan da yake yi ba da izinin kowa ba. Na ja malaman makarantarmu da maƙwabta zuwa wurin gwaji, har da mataimakin shugaba, wanda ya rufe ido ya kama salati tun kafin a buɗe allurar. Ashe naki irin wanda ba a cika samu ba ne. Na daɗe ina faɗa miki ke ta daban ce, yanzu ga shaidar asibiti.

Mutum ɗaya ne ya dace: Yusha'u tela, wanda ke haya a bayan masallacin unguwarmu. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarki suka taso daga Runka shi da mahaifiyarsa, Gwaggo Asama'u, bayan an kashe mata manyan 'ya'yanta maza a gona. Shi ya rage. Ya amsa mini ko ƙafa bai ɗaga daga kan keken ɗinki ba. Uwar ce aikin.

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ba ta hana ba, amma sai ta ga kiret ɗin malti cikakke a ɗakinta da idonta, yaron ya riƙa shan kwalba guda kullum da madara har jininsa ya dawo. Na yi mata bayani a hankali cewa littafi ya ce jiki da kansa yake mayar da jini, wake da zogale sun isa. Ta ce, "Shi littafin, Malam, ɗa nawa ya haifa?"

Na je shago na tambayi kuɗin kiret, na yi wa mai shagon godiya kamar ya ba ni, na fito. Albashi kuwa labarinsa muke ji kamar na mutanen da. Amma na ari kwalbar da aka shanye na karanta bayanta: hatsi mai tsiro, sukari, ruwa, da wani ganye mai ɗaci na ƙasar Turawa. Ban da ganyen, wanne ne babu a Safana? Kada ki yi dariya, cikin zai motsa.

Ki riƙa shan maganin kan lokaci. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Rilwanu

Safana, ranar Talata

Maman Sadiq,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi, da Inna da yaron duk ƙalau. Na ga tambayarki, wai ko zaman kaɗaici ne ya fara taɓa ni. A'a, kamfani na buɗe, kuma ga rahotonsa na kwana goman nan.

Na jiƙa jar dawa, na shimfiɗa ta a jiƙaƙƙen buhu har ta fid da tsiro, irin dai wanda kuke sa wa kunun zaƙi. Na shanya a kan rufi, kajin maƙwabta suka karɓi rabonsu ba tare da an kira su ba. Kashi ɗaya na soya a kasko har ya yi baƙi, don daga nan launin yake fitowa. Mai inji ya dubi tsiron, ya dube ni, ya tambayi ko Hajiya ta dawo ne. Na ce masa bincike nake yi. Malami idan ya ce bincike, ba a ƙara tambayarsa.

Garin sai a dama shi da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, a rufe a bar shi ya saki zaƙinsa, a tace, a dafa da sukari. Tacewar da farin gyalenki na yi. Yanzu ba fari ba ne. Za mu yi maganar in kin sauka lafiya.

A madadin ganyen Turawa na sa shuwaka. Karon farko hannuna ya zarce, na kurɓa na ji kamar ana karanta mini takardar gargaɗi daga ofis. Na biyu ya yi kauri, kunu ne sanye da baƙar riga. Na ukun ne na zuba a kofi na ɗaga wa rana, na ga baƙi mai ja a cikinsa, zaƙi a gaba, ɗan ɗaci a baya. Yusha'u ya ɗanɗana ya ce da a duhu ne ba zai bambance ba. Na karɓi wannan a matsayin yabo.

Abu ɗaya ya gagare ni, gas ɗin nan da ke cewa "tsss" idan an buɗe. Kamfani da inji yake cusa shi. A gida kuwa, in ji tsohon littafin kimiyyar makarantarmu, sai an sa yis an bar shi ya kwana biyu, kuma daga nan ya tashi daga malti ya zama wani abin da ba a ambata a gidan mutunci. Ashe baƙar giyar Turawa mai ɗaci da maltin da muke kai wa masu jego hanyarsu ɗaya tun daga gona, a mararrabar ƙarshe suke rabuwa. Ni na tsaya kafin mararrabar. Ban sa yis ba, na haƙura da gas.

Mai shago ya ara mini kiret da kwalabe, na ɗauraye, na cika, na buga murafe da guduma. Yusha'u ya san gaskiya. Ita Gwaggo na ce mata, "Ga malti," kuma malti ne. Na san abin da za ki ce, na riga na faɗa wa kaina, da muryarki ma. Ta shafa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta tura kiret ɗin ƙarƙashin gadonta, ta ce Allah ya raba lafiya. A bakinta wannan izini ne.

Da kin ji alama ki aiko Mamman, kada ki jira. Gaisuwa ga kowa.

Naki,
Rilwanu

Safana, ranar Laraba

Maman Sadiq,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Gara ki ji wannan daga gare ni kafin Mamman ya ƙara masa gishiri.

Shekaranjiya bayan azahar, kusan mako guda da kai kiret ɗin, ana zafin nan na kaka, ina dawowa daga makaranta sai aka ji "tau!" a unguwarmu. Kin san abin da wannan ƙara take nufi a garin nan yanzu. Masu shaguna suka ja ƙofofi, mata suka suri yara, mai rake ya bar baronsa a tsakiyar hanya. Ni ma na juya zan bi jama'a. Sai aka sake, daga bayan masallaci, da wata 'yar ƙarar gilashi a bayanta. Nan na tsaya. Na san wannan bindigar, ni na ɗura ta.

Ashe yis ba ya jiran a gayyace shi. Yana cikin iska, yana cikin kwalbar da aka ɗauraye da ruwa kawai ba a dafa ta ba. Na ba shi sukari, na rufe masa ƙofa da guduma, na ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano. Littafin ya faɗi haka, a babin da ke bin wanda na karanta.

Na shiga gidan da gudu ina cewa kwalabe ne, ba wanda ya ji ni. Matan gidan duk sun fice, Yusha'u yana shago a kasuwa. Na tarar da Gwaggo a kusurwar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa tana kalmar shahada, kumfa tana malalowa daga ƙarƙashin gado. Na ɗago ta muka fito, wata ta fashe ta yanke ni a ƙwauri. Ba babba ba ne, an ɗaure.

Kafin mu kai zaure 'yan sa-kai sun iso da bindigogin toka, mai unguwa a bayansu, nesa kaɗan. Ba su sami ɓarayi ba, amma sun sami wari. Mai unguwa ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce, "Malam Rilwanu, a ɗakin tsohuwa?" Na yi bayani a gaban liman da rabin unguwa, tun daga tsiro har guduma. Liman ya ce niyya ba ta yi laifi ba, amma a zubar, a kuma wanke wurin. Sauran kwalaben da bargo muka rufe su muka kai bayan gari kamar gawa. Ɗalibaina sun daina gaishe ni da baki, sai "tsss" in na wuce.

Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ya tsaya mini shi ne Gwaggo, ko zagina ba ta yi ba. Na mayar da tsohuwa ranar harin Runka alhali tana cikin ɗakinta, kuma na yi mata wayo a kan ɗanta. Yusha'u ya ce ba zai tafi ba sai da yardarta, kuma ba zan roƙe shi ya saɓa mata ba. Gobe zan shiga Dutsin-Ma in ga ko asibitin can za su san wani. Ba ni da wata dabara yau, Zulaihat, kuma rabona da jin tsoro irin wannan na manta.

Ki yi mini addu'a, ni ma ina yi miki.

Rilwanu

Safana, ranar Lahadi

Zuwa ga Maman Sadiq,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi da ƙarfin jiki. A gaida Inna.

Dutsin-Ma ba a dace ba. Da na dawo na ɗauki bokiti da sabulu na tafi wanke ɗakin Gwaggo, tunda ni na ɓata. Ta zauna a bakin ƙofa tana nuna mini inda na tsallake. Sai da na shiga ƙarƙashin gado har kafaɗa sannan ta yi magana, wataƙila don ta san ba ni da halin gudu.

Ta ce ranar da aka shiga Runka tana ɗaki da ciwon ƙafa, kowa ya gudu, har waɗanda ta goya. Ba ta ga laifinsu ba, ita ma da ƙafa da ta gudu. Amma ba wanda ya leƙo sai washegari. Ta ce, "Kai ka shigo."

Na fito da kaina na gaya mata gaskiya, cewa ba jarumta ba ce, na san kwalabe ne, kuma da bindiga ce da yanzu ina Dutsin-Ma a ƙafa. Ta ce, "Kai ka sani. Ni da ke ciki ban sani ba." Na sake gwada gyara mata lissafin, ta ce in yi shiru in goge ƙafar gadon, malaman boko ba su san lokacin da aka yafe musu ba.

Sharaɗin bai faɗi ba, ya dai sauya. Babu kwalba, babu murfi, babu ajiya. In yaron ya dawo, kullum da safe zan dafa sabo in kawo a butar shayi da zafinsa, in sha kofin farko a gabanta. Ta kuma ce in rage shuwakar, ɗanta ba laifi ya yi ba.

Mai miƙa miki wannan takarda shi ne Yusha'u. Mamman zai zagaya da shi ta Katsina, don Gwaggo ta ce ba zai bi ta Runka ba ko da rana tsaka. Zai zauna wurin kawunki har ki sauka, ya taho da almakashi da allura ko za a sami ɗinki. A ba shi abinci sosai, ba ya tambaya ko yana jin yunwa. In an zo ɗibar jinin wani ya tsaya kusa da shi, na yi mata alkawarin ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Ni zan biyo motar Juma'a in Allah ya yarda. In abin ya riga ni, kada ki jira ni, ki dai jira likita. Allah ya sauke ki lafiya, ya dawo wa tsohuwar nan da ɗanta.

Mijinki mai kewarki,
Rilwanu