Keken da Ka Aiko da Mangwaron Mahaifinka

Zuwa ga ɗana Garba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Haɗeja lafiya, sai gajiya da ciwon gwiwa.

Bayan haka, keken da ka aiko ya iso, Allah ya yi albarka. Tayarsa mai kauri ce, ba ta nutsewa a yashi, wannan na yarda. Amma ba shi da kariyar ɗora kaya a baya, sai ɗan ƙarfen saƙala gora. Mangwaro biyar ɗin da mahaifinka ya dasa kafin ya rasu kuwa, jarka biyu suke sha kullum tun da kogi ya janye.

Na ɗaura wa keken jarkokin da igiya. Rana ta uku kututture ya yaga tayar baya. Iliya mai faci ya duba ya ce, "Baba, wannan taya lamba ashirin da shida ce, mu ashirin da takwas muka sani. Sai dai Kano."

Tsohon kekena, wanda ka matsa min na bayar, yana Baturiya wajen surukina. Na ajiye kunya na je na karɓo abina, amma kafin nan kwana tara sun wuce, mangwaro biyu sun bushe. Ni na riƙe wa mahaifinka su ranar da yake dasawa.

Uku suna nan da rai. Ka saka mu a addu'a, ni da su. Ka gaida mutanen gida. Kekenka yana jingine a zaure, in ka zo ka tafi da shi.

Baffanka,
Audu