Ashe Gilashi Take Gani

Daren Laraba, Zaitawa

Alhamdu lillahi, yau na wanke kaina.

Sati uku Dakta yana cewa hannuna ne ya sa hotunan sabon madubin duba ƙwayoyin cuta na asibitin, wanda aka kawo mana bayan dawowar mulkin farar hula, suke fitowa dishi-dishi. Har a gaban ɗalibai ya faɗa! Na'urar tana saita kanta ta hanya biyu: ko ta harba haske ya dawo mata, ko ta yi ta hawa da sauka har hoton ya fito tar. Ta farko ya koyo a Turai, ya kafe a kanta.

Da safe na ce, "Ranka ya daɗe, mu gwada duka biyun a kan yankan tsoka ɗaya mana."

Ya ce, "Malama Binta, kin fi maƙeranta sani ne?"

Na ɗora yankan tsokar wata baiwar Allah da ke jiran sakamako. Hanyarsa ta tsaya a kan gilashin da ake ɗora tsokar a kai, ba tsokar ba. Ai mu tsofaffin gilasai muke wankewa mu sake amfani da su, kowanne da kaurinsa. Da na juya zuwa ta biyu, sai ga fuskar tsokar tangaran.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ba ciwon daji ba ne. A kira mijinta."

Bai ba ni haƙuri ba, ba kuma zai ba ni ba. Amma ina ɗaura mayafi na ji yana ce wa ɗalibai, "Ku tambayi Malama yadda ake saitawa."