Zaren Awon Gilashin Mota

Zuwa ga ƙanena Ango a Kano. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali? Mu nan Dutsi lafiya, sai abu guda.

Ran kasuwar Dumega wani ya fasa gilashin tagar motar Kumandan, mai mulkin nan. Da yake ɗanka Maman ke tuƙa ta, an ce in wata ya kama ba sabon gilashi, sai a kai shi kaso, wato kurkuku. Ban manta yadda ɗan'uwanmu Bawa ya shiga can bai fito ba.

Ka sayo mana gilashin a Kano. Mai rubuta mini ya ce a sa awonsa da lamba, na ƙi. Ga zare cikin takarda: ƙullin fari faɗi, na biyu tsawo. Kada a ja shi wurin awo.

Ku sa mu a addu'a. Gai da uwar Maman, amma kada ta ji tukuna.

Yayanka Gado.