Teku a Cikin Gafaka

Damari, farkon damina, 1976

Zuwa ga Malam Maharazu, mai kula da ɗakin karatu na Ƙanƙara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kamar yadda muke a nan. Ni ce Tabita, malamar firamare ta Damari, wadda ta zauna a bayanka a kwas ɗin Kaduna bara tana damunka da tambaya.

Bayan haka, ka tuna an ce mana yanzu ɗakunan karatu za su riƙa aron littafi a junansu, abin da babu a nan a nemo shi can. To, ga ni na zo aro. Namu ɗakin karatun, in za a faɗi gaskiya, kabad ɗaya ne a ofishin hedimasta, kuma gara ta riga yara karance rabinsa.

Ka taɓa ba mu labarin wani ƙaton littafi da ke wurinka mai hotunan teku. Shi nake so, saboda goggona Larai. Ɗanta Idi, taubashina, ya ajiye fartanya ya tafi Ikko sauke siminti, lokacin da samarin garin nan suka ji ƙamshin man fetur. Saƙonsa na ƙarshe shi ne ya sami aiki a jirgi, ya ƙetare ruwa. Tun daga nan shiru.

Ita kuwa Goggo ba ta san wani ruwa ba sai rafin bayan gari, wanda ke cika da damina a jira a gaɓa, da rani a taka a wuce. Don haka duk rani sai ta share ɗakin Idi ta zauna jira. Bana ta ce mini, "Ruwa ya janye, kowa ya ƙetaro, sai nawa. Aradu ƙina ya yi. In wani rani ya wuce bai zo ba, ni ko in ɗaga mashi nono." Malam, ka san abin da bakin uwa ke yi wa ɗa. Na yi mata bayanin teku har na gaji, ta ce mu 'yan boko bakinmu ya fi mu girma. Sai ta gani da idonta, ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ka huta lafiya.
Taka, Malama Tabita

Ƙanƙara, tsakiyar damina, 1976

Zuwa ga Malama Tabita,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar lafiyarki da ta Goggo, Allah ya ba ta sauƙi, amin. Takardarki ta iso, kuma ban manta da mai tambayoyin nan ba.

A ƙa'ida wannan littafi ba ya fita, a kan tebur ake duba shi. Amma na yi ta tunani, littafin da ba ya zuwa wurin mai bukatarsa, da shi da rijiyar da aka rufe bakinta duk ɗaya ne.

Ni ma ban taɓa ganin teku ba. Iyakata Kaduna. Sai dai in la'asar ta yi, masu karanta jarida sun watse, nakan buɗe shafin tsakiya in zauna. Shuɗi ne tun daga wannan gefe har wancan, sama ta sauko ta kwanta a kansa, ba a gane inda ɗaya ya ƙare. Can nesa ga wani ɗan jirgi kamar ƙwayar gero a faifai. Wani lokaci har nakan ji kamar iska mai sanyi na fitowa daga takardar, alhali akuyoyin kasuwa ne ke kuka a bakin taga. Zan yi kewarsa, ba na ɓoye miki.

Saboda ruwan sama, na naɗe shi a farin ƙyalle, na sa shi a babbar gafakar fata da na gada wurin mahaifina. Na ba Rabo direba, mai motar hatsi, ya kai ɗakin karatu na Faskari, su kuma su miƙo miki. Na ja masa kunne sosai: kada ya taɓa ƙasa, kada a ɗora masa kaya, kada a taɓa shi da hannu mai dauɗa.

Allah ya sada ku da alheri.
Naki, Maharazu

Damari, lokacin kaka, 1976

Malam Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Malam, ko tekun nan a ƙafa yake tahowa? An yanke gero, an fara karyar dawa, ba mu ga ko ƙyallinsa ba. Na aika Faskari, sun ce ba su ga Rabo ba, balle gafaka.

Da farko ina tsokanar Goggo ina cewa baƙonta na hanya. Yanzu na daina. Jiya na miƙa mata ƙwarya, sai ta kai hannu gefe guda tana lalube. Rafin ma ya fara ja da baya, kullum sai ta tambayi yara inda ya tsaya. Don Allah ka bincika.

Taka cikin damuwa, Tabita

Ƙanƙara, ƙarshen kaka, 1976

Zuwa ga Malama Tabita,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri, na samo shi, kuma garin neman gira na kusa rasa ido.

Motar Rabo ta lalace a Sheme. Shi kuwa da ya ga farin ƙyalle da gafaka, ga kashedin da na yi masa, sai ya ɗauka littafin addini ne mai girma. Ya ga bai dace ya kwana cikin buhuna da baƙin mai ba, ya kai wa limamin garin ajiya. Da aka gyara mota ya wuce Gusau, yana jin ya sauke amana. Liman kuma ya rataye gafakar can sama a zaurensa. Babu wanda ya buɗe, don ba a san mai ita ba. Har turare ake yi mata ranar Juma'a.

Na hau keke na je da kaina. Da na kwance ƙyallen, Liman ya riga ya yi alwala ya gyara zama. Na buɗe shafin tsakiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah! Wanga ma ai aya ce, Malam." Kafin azahar zauren ya cika. Masu rake da masu gyaɗa na bakin titi suka bar kayansu, aka yi ta shigowa ana cire takalmi, kowa ya duba ya fita yana magana ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru littafin nan yana kan teburina, bai taɓa samun idanu haka ba.

Akwai wata tsohuwa, Hajaratu mai daddawa, wadda ta fi kowa daɗewa a kansa. Ta ce za ta Damari biki. Na ba ta labarin Goggo, ta ce a kanta za ta ɗauko shi har ƙofarku. Allah ya sa ba a makara ba.

Naki, Maharazu

Damari, farkon rani, 1977

Malam Maharazu,

Gaisuwa da godiya. Inna Hajaratu ta iso da littafi lafiya, amma idon Goggo ya riga ya tafi.

Muka fito da ita tsakar gida da hantsi, na ɗora mata shi a cinya. Ta kai fuska kusa, ta ce hayaƙi kawai take gani. Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta juya wajen baƙuwar ta ce, "Ke tsarata ce, ba ki yi boko ba. Ara mani idonki. Mi kika gani?"

Inna Hajaratu ta ce, "Ruwa, 'yar'uwa."

"Ina gaɓar tsallake?"

"Babu."

"Duba da kyau. Ba itace? Ba masu jira?"

"Tun Sheme nike duba, na rantse babu. Sama ce ta tare shi."

Sai ta kama yatsan Goggo ta bi da shi a kan takardar, a hankali, daga wannan gefe har ya faɗa wancan. Goggo ta ce, "In rani ya yi fa?"

"Wanga ruwa bai san rani ba."

Goggo ta kife tafin hannunta a kan shafin har inuwa ta bar mu. Ni dai kuka nake yi, ban iya ɓoyewa ba. Can ta ce, "Ashe yaron nan ba ƙina ya yi ba. Allah shi yi mashi albarka, duk inda shike."

Da yamma na ɗauki tsintsiya zan share ɗakin Idi kamar yadda aka saba. Ta ji motsina, ta ce in ajiye, in ja ƙofar. Ta ce wanda irin wannan ruwa ya tsare, ba a sa masa rana.

Littafinka zai dawo ranar kasuwa. Allah ya saka da alheri.

Taka, Tabita