Na Goge Kaina Daga Zauren, Raliya

Zuwa ga Raliya, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar da nake hange daga wannan gaɓar kogi,

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan kina lafiya a gidan goggonki can ƙasar Benin. Kar ki yi mamakin ganin takarda a hannun Inna Bashira mai ƙuli-ƙuli. Ba ni da wata hanyar zuwa gare ki yanzu.

Na goge kaina daga zauren marubutan nan na intanet, inda muka shekara biyu muna zance da sunayen aro. Laifina ne wallahi, ni da rawar kaina! Ranar Talata na sa hoton bakin ruwan Lolo, daidai inda kika tsaya ranar tafiyarki, takalmanki a hannu, kina yi mini dariya don na ji tsoron taɓo. Na rubuta cewa a nan masoyiyata ta shiga jirgin mahaifinta. Na manta mutanen kogi sun san kwale-kwale kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Kafin la'asar wani ya rubuta cewa ai mai shuɗin bakin nan da faci biyu na Malam Haliru ne, kuma 'yarsa ɗaya ce tal. Sai aka fara cigiyar sunanki. Sunanki, Raliya! A bakin 'yan kabu-kabu masu babur da masu shayi, tun magabatana ba su durƙusa gaban mahaifinki ba?

Zauren ba ya goge komai a dunƙule. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, rubutu ɗari uku da goma sha ɗaya, kuma duk wanda na goge sai ya tafi da amsarki da ke ƙarƙashinsa. Wane irin hukunci ne wannan, mutum ya share maganar masoyiyarsa da yatsansa? Da na iso inda kika ce ko ruwan can ba ya kashe miki ƙishi, sai na kife wayar na fita waje. Ko hoton rubutun ban ɗauka ba, don wayata kan yini wurin mai caji, kin kuwa san idon mutanen Bagudo ba ya zama wuri ɗaya.

Yanzu nakan ciro wayar bayan sallar asuba kamar yadda na saba, in tarar ba inda zan shiga. Kaɗaici ya ishe ni, ya hasken gidana da ban gina ba tukuna! Amma da an yanke shinkafa kawuna Zulkiflu zai je Lolo nema mini aurenki wurin mahaifinki, ya riga ya yi mini alkawari.

Abin da nake tsoro ɗaya ne: ki buɗe zauren kafin takardar nan ta iso, ki ga an rubuta babu mai wannan suna, ki ɗauka gudu na yi. Kar ki yarda da su. Akwai shi, yana Bagudo, ke yake jira.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Ma'azu